Yanda Star Trek ya shiga rayuwata tun ina yaro har yau

Duk wanda ya taɓa shigowa shagona na gyaran kayan wuta yasan akwai wani hoto a liƙe a bango kusa da kalandar lokutan sallah, mutum uku ne a jiki, ɗaya da riga ruwan ƙwai biyu da shuɗiya, kuma ɗaya daga cikin masu shuɗiyar kunnuwansa masu tsini ne. Yaran yanzu in sun kawo gyara sai su tsaya suna kallo suna tambaya wai Baba waɗannan su waye, ƴan ƙwallo ne? Sai ince musu a'a, Kyaftin Kirk ne da Spock da Dokta McCoy na shirin Star Trek, kuma in da ba dan Allah ya haɗa ni da su ba da ƙila ba wannan sana'ar nake ba. Yawanci dariya suke su ɗauka wasa nake, to shi yasa naga gara in zauna in rubuta labarin gaba ɗaya yanda ya faru.

Ni haifaffen Kaduna ne, Babanmu ma'aikacin reluwe ne Allah ya jiƙansa da rahama. A gidan haya muka tashi, irin mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, akwai Hausawa akwai Nufawa akwai Yarbawa akwai mutanen kudancin Kaduna, kowa da tukunyarsa amma yara kam na kowa ne, duk babban da ya kama ka da laifi zai zane ka ba sai ya nemi izinin uwarka ba. Wajen tsakiyar shekarun 1980 ne ƙanin mahaifiyarmu ya dawo daga karatu a Amurka, cikin kayan da ya dawo dasu harda wani kwali cike da kaset ɗin bidiyo da ya riƙa ɗauka daga talabijin ɗin can da kansa, duk ya rubuta sunayensu da biro a gefe. Kaset ɗin Amurka kuwa ba kowace bidiyo ke cinsa ba, su tsarinsu NTSC ne mu namu PAL, in ka sa a wadda bata cin duka biyun sai kaga hoto na ta tsalle babu kala ko ma hoton ya ƙi fitowa sam. Kawu yasan da haka shi yasa ya sayo mai cin kowane iri, kuma wannan bidiyon ita kaɗai ce a layinmu a lokacin, dan haka ranar Asabar ɗakinsa cika yake maƙil da yara har bakin ƙofa, wasu ta taga suke leƙe.

Mu a lokacin fim biyu muka sani, na Indiya da na Chanis. Ko dai a yi soyayya da waƙa da rawa a cikin furanni, ko kuma akta yaje ya koyo faɗa ya dawo ya rama kisan malaminsa. To ranar da Kawu ya fara sa mana Star Trek ba'a yi nisa ba yara suka fara guna-guni, ina bos ɗin, ba waƙa ne, wai su waɗannan surutu kawai suke a cikin ɗaki mai fitilu. Ɗaya bayan ɗaya suka zame suka tafi ƙwallo. Mu biyu muka rage, ni da wani abokina ɗan maƙwabtanmu, Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, ɗakinsu na kallon namu. Shi makarantar mishan yake zuwa turancinsa yafi nawa nesa ba kusa ba, sai ya zama shi ne tafintana, yana ji yana faɗa min a kunne, inda ya kakare sai mu juya muce Kawu me yace? Har tallan mota da na sabulu da ke faɗowa a tsakiyar shirin kallo muke dan duk a cikin kaset ɗin suke. Daga baya har ƙa'ida Kawu ya kafa, sai nayi sallar la'asar mun share masa ɗaki sannan a kunna, abokin nan nawa sai ya zauna a dakali ya jira ni in idar, wani lokacin ma shi ke tuna min wai tashi kaje kayi sallah mana kar rana ta faɗi ba mu kalla ba.

Abun da ya fara kama ni gaskiya ba labarin bane, jirgin ne. Enterprise, lambarsa NCC-1701, faifai a gaba da wasu dogayen bututu biyu a baya, yana ratsa taurari shiru. Sai ƙofofin da ke buɗe kansu in mutum ya matso, sai ɗakin da mutum zai tsaya ya narke ya zama ƙyalli ya bayyana a wata duniyar, sai ƴar na'urar da Kirk ke zarowa daga ƙugu ya buɗe murfinta da hannu ɗaya yayi magana da mutanen da ke can sama. Ku tuna a lokacin duk layinmu ba gidan da ke da tarho. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001 na riƙe irin mai murfin nan a hannuna na buɗe ta, wallahi jikina sai da yayi sanyi, dan na riga na ganta tun ina ɗan firamare.

Kawu ne ya fara gaya min cewa shirin ma tsoho ne tun a lokacin. Wani Ba'amurke mai suna Gene Roddenberry, tsohon matuƙin jirgin yaƙi kuma tsohon ɗan sanda, shi ya ƙirƙiro shi, aka fara nunawa a tashar NBC ranar 8 ga Satumba 1966, wato shekarar da aka kashe mana Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Shekara uku kawai yayi, kashi 79, aka soke shi a 1969, kashin ƙarshe ya fita saura ƴan makonni ɗan adam ya taka wata. Tun a 1968 ma aka so kashe shi masoyansa suka yi ta aika wasiƙu tashar har aka ƙara shekara ɗaya. Bayan an soke ne ƙananan tashoshi suka saya suna ta maimaitawa kullum da yamma, a nan ne ya samu mutanensa na gaskiya, a 1972 suka yi babban taro a New York, a 1976 kuma suka sake yin rubdugun wasiƙu har gwamnatin Amurka ta sa wa kumbonta na gwaji suna Enterprise. Maimaicin nan ne Kawu ya tarar a can ya ɗauko mana. Ina yawan tunanin wannan, abun da masu kuɗin suka yanke hukuncin ya mutu, masu kallo ne suka ƙi yarda, har ya biyo kwali ya iso tsakar gidanmu.

Wata rana Innarmu ta shigo kawo wa Kawu abinci ta tsaya tana kallo da tire a hannu, sai ta nuna Uhura tace wannan baƙar yarinyar fa, ƴar aikinsu ce? Kawu yace a'a Yaya, hafsa ce mai muƙami, duk sadarwar jirgin a hannunta take, in bata haɗa layi ba kyaftin ɗin ma ba zai yi magana da kowa ba. Inna tayi shiru tana kallonta sannan tace to Allah ya taimake ta, amma dai a ƙara mata tsawon rigar nan. Har yau ina ganin Inna tayi gaskiya a duka biyun. Sai da na girma na karanta cewa Nichelle Nichols da ta fito a Uhura ta so barin shirin bayan shekarar farko, Martin Luther King, jagoran fafutukar ƴancin baƙaƙen fata a Amurka, da kansa ya roƙe ta kar ta bari, sabida a lokacin baƙar mace a talabijin ɗin Amurka kusan kullum ƴar aiki ce ko mai raino, kunga tambayar Inna ba daga sama ta faɗo ba. Matar nan daga baya a 1977 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ɗauke ta ta zaga ƙasar tana jawo mata da baƙaƙen fata su nemi aikin sama jannati, kuma Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, da bakinta ta faɗa cewa ganin Uhura na cikin abun da ya zaburar da ita. Ga kuma Sulu, George Takei da ya fito a matsayinsa yana ƙaramin yaro gwamnatin Amurka ta tsare shi da iyayensa a sansani lokacin yaƙin duniya na biyu dan kawai asalinsu Japan ne. Ga Chekov ɗan Rasha da aka ƙaro a 1967 ana tsakiyar zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet. Duk a ɗaki ɗaya suna aiki, kuma ni ban ga abun mamaki a ciki ba a lokacin dan gidanmu ma haka yake.

Amma nawa gwanin Scotty ne, injiniyan jirgin. Kowa na son Kirk ko Spock, ni kuwa mutumin nan mai jar riga da ke rarrafe cikin bututu da kayan aiki a hannu shi ya tafi da ni, dan na lura duk jarumtar Kirk in inji ya tsaya sai ya kira Scotty, kuma Scotty son injin nan yake tsakani da Allah, in an takura masa har ransa ɓaci yake. To bidiyon Kawu ta fara tsufa tana cin kaset, hoto na yin yayyafi. Ranar da ya kwance murfinta a gabana na ga cikinta, ga wani gangan ƙarfe mai sheƙi a karkace yana juyawa, ga ƴan sanduna biyu da ke jawo zaren kaset su naɗa shi a jikinsa, ya ɗiga sifirit a farar takarda ya dafa a hankali yana juya gangan da yatsa, takardar ta fito baƙi ƙirin, ya mayar ya kunna hoto ya fito tas. Nace Kawu dan Allah gobe ni zan yi. Ya kalle ni yace in ka karya kan nan sai dai Babanka ya sayar da kekensa, amma ya bar ni nayi. Daga nan na koyi ciro zaren da ya cukurkuɗe in miƙe shi in liƙe da salatif, na koma rediyon Baba, na koma fankar maƙwabta. Da na gama sakandare Baba ya so in nemi aikin gwamnati ko na akawu ne, nace Baba ni wuta nake so in karanta, yace to Allah ya sa albarka, na shiga kwalejin kimiyya da fasaha nayi difloma. Da wannan sana'ar nayi aure, da ita na gina inda nake zaune, da ita na kai Inna Makka alhamdulillahi, yaran da suka koyi aiki a hannuna wasu yanzu suna da shagunansu da nasu yaran.

Akwai wani kashi guda da ya canja min yanda nake kallon shirin gaba ɗaya, sunansa The Devil in the Dark na 1967. Masu haƙar ma'adinai ne a wata duniya wani dodo ke bin su cikin ramuka yana ƙona su ɗaya bayan ɗaya, aka kira su Kirk su zo su kashe shi. Ni da abokina mun gyara zama muna cewa yau dai ga bos ya samu. Aka bi shi aka harbe shi aka ji masa rauni aka ritsa shi a lungu, sai Spock, wanda ruwa biyu ne da mutanen wata duniya masu wannan baiwar, ya dafa shi ya haɗa tunaninsa da nasa ya fasa ihu dan zafin da yaji. Ashe uwa ce. Wasu dunƙulallun duwatsu da masu haƙar ke fasawa suna wasa da su ashe ƙwayayenta ne, ita kaɗai ta rage a jinsinta tana gadinsu. McCoy ya kwaɓa wani abu kaman siminti ya shafe mata raunin da hannunsa tunda jikinta na dutse ne, aka yi sulhu, ita da ƴaƴanta suna huda ramuka mutane na kwasar ma'adinai. Ni ban taɓa ganin fim ɗin da aka kama bos sannan aka yi masa magani ba. Na kwana ina juya abun a raina, kuma tun daga ranar in naji ance wane mugu ne sai wani abu a zuciyata yace to me aka fasa masa.

Finafinan Star Trek na silima kuwa a shagon hayar kaset muka riƙa samo su, ba a jere ba, duk wanda ya faɗo hannu. Na farkon na 1979 yana da kyan hoto amma tafiyarsa a hankali take sosai, abokina barci ya riƙa yi. Na biyun, The Wrath of Khan na 1982, shi ne har gobe ban ga kamarsa ba. Khan wani tsohon abokin gaba ne da Kirk ya ajiye a wata duniya tun a shirin talabijin bai sake waiwayarsa ba, duniyar ta lalace matarsa ta mutu, ya fito neman fansa, kuma Ricardo Montalbán ya taka rawar nan yanda zaka ji tsoronsa kuma kaji tausayinsa lokaci guda. A ƙarshe inji ya lalace jirgi zai hallaka da kowa, Spock ya tashi daga kujerarsa ba tare da ya gaya wa kowa ba ya sauka ya shiga ɗakin da tururin guba ya cika ya gyara, Kirk ya rugo ya tarar da shi ta bayan gilas ba halin buɗewa. Abun da ya karya min zuciya shi ne kafin ya juyo ya fuskanci kyaftin ɗinsa sai da ya miƙe ya ja rigarsa ya gyara ta. A nan Spock ya mutu, mu biyu muka yi ta kuka a ɗakin Kawu ba mai kallon wani.

Ina yaro faɗan jiragen nake kallo a fim ɗin nan. Yanzu da na haura hamsin na gane ashe labarin tsufa ne. Fim ɗin ya fara da ranar haihuwar Kirk, McCoy ya kawo masa kyautar tabarau na karatu, an ɗaga shi zuwa babban muƙami an zaunar da shi a ofis yana kewar aikinsa, ga ɗa da ya haifa bai rena ba ya girma yana jin haushinsa, ga tsohon kuskure ya dawo yana neman ransa. Mutum ne da ya saba kullum yana samun hanyar kuɓuta, ranar nan babu. Na sake kallonsa bayan rasuwar Babanmu sai naji kaman ban taɓa ganinsa ba. Na ukun na 1984 abokan suka sace jirgin suka jefar da aikinsu dan su dawo da Spock, har Enterprise ɗin ta ƙone, wannan ma yayi min ciwo. Na huɗun na 1986 da suka koma San Francisco ta zamaninmu neman manyan kifayen teku da ake kira whale shi ne na dariya, shi ne ma kaɗai matata ke yarda ta zauna ta kalla har ƙarshe. Na shida na 1991 sulhu ne da Klingon, wasu mayaƙan wata duniya da suka daɗe suna gaba da su Kirk, aka yi shi daidai lokacin da Tarayyar Sobiyet ke rugujewa, kuma abun da na so a ciki shi ne an nuna Kirk da kansa baya son sulhun dan Klingon ne suka kashe masa ɗa, ba'a ɓoye cewa yafiya na da wuya ba.

Na biyar ɗin na 1989 kam bana sonsa kuma bana ɓoyewa, wanda suka tafi wai neman Ubangiji a tsakiyar taurari. Dama wannan ne inda ni da shirin muka rabu. Roddenberry mutum ne da bai yarda da addini ba, a tunaninsa in ɗan adam ya ci gaba zai ajiye ibada, shi yasa zaka yi ta kallo baka ga mai sallah a jirgin nan ba. Ni ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Ni in na ga taurarin nan da faɗin sararin nan tasbihi ne ke zuwa bakina, kuma nasan da za'a yi jirgin gaske irin wannan da mutane ɗari huɗu da wani abu a ciki to sai an samu masu shimfiɗa darduma suna lissafin alƙibla. Wani malaminmu ya taɓa ce min kallon nan ɓata lokaci ne, nace Allah gafarta Malam ina ɗaukar mai kyau in bar marar kyau, yace to ka dai kula da lokutan sallah, kuma na riƙe wannan.

Sai shekarar 2000. Duk ɗan Kaduna yasan abun da ya faru a watan Fabrairu na shekarar, ba sai na tona ba, an rasa rayuka masu yawa ta kowane ɓangare, wanda kuka ci abinci tare jiya yau ana nemansa da adda. Lokacin na riga na buɗe shago amma muna nan gidan da muka tashi. Da abun ya iso unguwarmu Baba ya kwaso iyalin maƙwabtanmu gaba ɗaya, abokina da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, ya sa su a uwar ɗakan Inna, aka ba matan hijabai, shi kuma ya ɗauko tabarma ya shimfiɗa a bakin zaure ya zauna da carbinsa. Da matasa suka zo yace musu ba kowa a gidan nan sai iyalina, wanda zai shiga sai ya fara taka ni. Wasunsu shi ya yi musu huɗuba ranar suna, suka sunkuyar da kai suka wuce. Haka muka zauna har sojoji suka zo suka raka su bariki. Ba zan ce Star Trek ne ya koya mana wannan ba, Baba bai taɓa zama ya kalli ko minti biyar ba, haƙƙin maƙwabtaka ne da addininsa ya koya masa. Amma a daren farko muna zaune a duhu ni da abokina muna jin harbi daga nesa, sai ya matso yace min ka tuna masu rabin fuskar nan? Na gane nan take. Wani kashi ne na 1969, mutum biyu kowannensu rabin fuskarsa baƙi rabi fari, ɗaya na farautar ɗaya shekara dubu 50, mutanen jirgin suka kasa gane bambancinsu har sai da ɗayan ya faɗa da bakinsa cikin alfahari cewa shi baƙinsa a dama yake na wancan kuwa a hagu. Da aka kai su duniyarsu aka tarar kowa ya mutu, garuruwa sun ƙone ba wanda ya rage, kuma duk da haka suka sauka suka ci gaba da bin juna. Muna yara mun ɗauka shirme ne har muna dariyar fentin da aka shafa musu. A daren nan ba wanda yayi dariya.

Bayan rikicin garin ya rabu, kowa yasan haka, su suka koma ƙetaren kogi ta kudu mu muka tsaya ta arewa, gidan hayar nan da ke da kowace ƙabila ya zama namu mu kaɗai. Da aka sake wani a 2002 sai rabuwar ta ƙara ƙarfi. Mun yi shekaru bamu haɗu ba sai gaisuwa ta bakin mutane. Abun da ya sake haɗa mu, ranar 27 ga Fabrairu 2015 Leonard Nimoy ya rasu, wanda ya fito a Spock, da dare sai ga kira daga baƙuwar lamba, ina ɗauka naji ance kaji Spock ya mutu? Ko sallama babu, kuma na gane muryar. Ashe ya nemi lambata wajen wani tsohon maƙwabci. Muka yi ta magana har katinsa ya ƙare na kira shi. Satin nan na hau mashin na ƙetara gada na je gidansa, mahaifiyarsa ta tsufa sosai ta riƙe hannuna tana kiran sunan Baba tana hawaye, dan bata samu zuwa gaisuwar rasuwarsa ba.

Sauran shirye-shiryen da suka biyo baya duk na bi su, da dish da faifan sidi na kasuwa yanzu kuma da data. The Next Generation da aka fara a 1987 na so shi, musamman da na gane injiniyan jirgin LeVar Burton ne, wanda ya fito a Kunta Kinte a shirin Roots na labarin cinikin bayi. Deep Space Nine na 1993 kyaftin ɗin baƙar fata ne mai renon ɗansa shi kaɗai, kuma a nan ne aka ɗan gyara abun da na ke ƙorafi a kai dan an nuna mutane masu addini da mutunci. Likitan cikinsa Alexander Siddig haifaffen Sudan ne, ɗan ɗan'uwan Sadiƙul Mahdi tsohon firaministan ƙasar. Yanzu kuma a Strange New Worlds da aka fara a 2022 babban likitan Enterprise ɗin ɗan Najeriya ne, Babs Olusanmokun haifaffen Legas, ranar da na fara jin muryarsa da irin lafazinmu a cikin jirgin nan sai da na tsayar da hoton na kira yarana nace ku zo ku gani. Sababbin finafinan da aka fara a 2009 basu kama ni sosai ba, gudu da fashe-fashe sun yi yawa tunani yayi kaɗan, amma ta nan yarana suka shigo dan haka bana kushe su a gabansu.

Tsofaffin kuwa suna ta tafiya. Wanda ya fito a McCoy ya rasu a 1999, Scotty nawa James Doohan a 2005, Uhura a 2022. William Shatner da ya fito a Kirk shi Allah ya ja kwanansa har ya shiga kumbo na gaske a 2021 yana da shekara 90, ya sauko yana hawaye. Kawu ma ya rasu, kwalin kaset ɗin yana wajena duk da yawancinsu sun yi fumfuna basa kunnuwa, rubutun bironsa dai na nan a jiki.

A cikin yarana ta biyun ce ta gado ni. Tun tana ƙarama take zama gefena a shago tana miƙo min sukurdireba, ita ce ke zama mu kalli tsofaffin kashin nan tare tana min gardama wai Picard, kyaftin ɗin The Next Generation, yafi Kirk hankali, ni kuma ince mata Mamana ai baki san Kirk bane. Yanzu tana jami'a tana karanta injiniyancin lantarki, su mata kaɗan ne a ajinsu, wasu dangi sun yi ta magana wai ba karatun mace bane nace ku bar min ita. Abokina kuma ɗansa na fari yana koyon aiki a shagona, kullum da safe yake ƙetaro gada ya zo, hannunsa na da kyau sosai a gyaran inbata da sola, nace wa uban in ya ƙara shekara ɗaya zan yaye shi in haɗa masa kayan aiki ya buɗe nasa a can ɓangarensu dan suna da buƙatar mai gyara.